Yadda Ake Cin Abincin Gari a Palermo Ba Tare da Fargaba Ba

Da yawa daga cikin mutanenmu da suka je Italiya, ko taro ya kai su ko karatu ko saro kaya, a shagon kebab suke ƙarewa. Da rana kebab, da dare kebab, har ranar komawa gida. Ba rowa ba ce, ba kuma ƙin sabon abu ba. Tsoron naman alade ne da giya, kuma tsoron yana da tushe, domin mutanen ƙasar suna sa su a inda ba za ka taɓa zato ba. Sai dai asara ce mutum ya tsallaka teku ya dawo bai san abin da masu gari ke ci ba.

Na zaɓi Palermo, babban birnin tsibirin Sisiliya, domin a ganina yana cikin biranen Italiya da suka fi sauƙin ci ga Musulmi. Kifi da kayan lambu da wake su ne ƙashin bayan girkinsu. Tarihi ma ya taimaka. A shekarar 831 Musulmi daga ƙasar da yau ake kira Tunisiya suka karɓi birnin, kuma yana hannun Musulmi har 1072 lokacin da Normawa, mayaƙan Kirista 'yan asalin arewacin Faransa, suka ƙwace shi. A wancan zamani noman rake da lemun tsami ya bunƙasa a tsibirin. A 1154 masanin ƙasa al-Idrisi ya rubuta cewa a Trabia, wani gari gabas da Palermo, ana yin busasshiyar taliya ana loda ta a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Har yau za ka ji alamar wannan tarihi a bakinka: zabibi a cikin abincin gishiri, za'afaran, riɗi a kan burodi, zaƙi da tsami a tukunya ɗaya.

Mataki na farko: haddace kalmomin tun kana gida

Wannan ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Alade sunansa maiale ko suino, amma da wuya ka ga wannan sunan a takardar abinci. Abin da za ka gani shi ne prosciutto, pancetta, guanciale, salsiccia, salame, mortadella, speck, wurstel. Ka ɗauka duk na alade ne sai an tabbatar maka da akasin haka. Miyar nan ta niƙaƙƙen nama da ake kira ragù sau da yawa haɗin naman sa ce da na alade.

Waɗannan ido yana iya ganinsu. Wanda ido ba ya gani shi ne strutto, wato narkakken kitsen alade, wanda wasu ke kira sugna, masu harshen Sisiliya kuma su ce saimi. Da shi ake kwaɓa wasu burodi, da shi ake soya wasu kayan titi, yana shiga har cikin kayan zaƙi. A Palermo kitsen ya fi naman zama abin lura. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa gidajen abinci su bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu da rashin lafiya, kamar gyaɗa da madara da ƙwai, amma alade ba ya cikin jerin. Don haka babu takardar da za ta yi maka gargaɗi, sai ka buɗe baki ka tambaya.

Jimloli huɗu sun ishe ka. "Non mangio maiale", ba na cin alade. "C'è strutto?", akwai kitsen alade a ciki? "Senza vino", ban da giyar inabi. "C'è alcol?", akwai barasa? Rubuta su a wayarka, in harshe ya ƙi sai ka nuna. Kada ka tsaya ga cewa ba ka cin nama kawai, domin wasu masu girki ba sa lissafa ɗan yankan prosciutto a matsayin nama. Ambaci abin da sunansa. Kuma kafin kowace tambaya ka fara da gaisuwa, "Buongiorno" da safe, "Buonasera" da yamma. Mutanen kudancin Italiya suna ɗaukar gaisuwa da girma, kuma amsar da za ka samu bayan ka gaisar ta fi wadda za ka samu in ka faɗa wa mutum da tambaya kai tsaye.

Abu ɗaya game da jaka: kada ka ɗauko kilishi ko dambun nama. An hana matafiyi shiga ƙasashen Tarayyar Turai da nama ko kayan madara daga waje, in an gani a filin jirgi za a karɓe.

Mataki na biyu: bi agogon garin

Abincin rana tsakanin ƙarfe 1 da 2:30 ne. Na dare ba ya fara kankama sai wajen ƙarfe 8, da zafi ma har 9. Tsakanin 3 da 7:30 yawancin gidajen abinci na gaske a rufe suke. Wanda ka samu a buɗe da ƙarfe 5 na yamma, da hotunan abinci a ƙofa da wani yana kiranka ka shigo, don baƙi aka buɗe shi, kuma a nan ne ake biyan kuɗi da yawa a ci abu maras daɗi. Kusan kowane gida yana da ranar hutunsa a mako, sau da yawa Litinin, kuma a tsakiyar Agusta, wajen hutun ranar 15 ga wata, wurare da dama sukan rufe.

Mataki na uku: fara da kasuwa, da safe

Tsoffin kasuwannin birnin da suka fi shahara uku ne: Ballarò, Capo da Vucciria. Vucciria yanzu ta fi zama dandalin dare na matasa da mashaya, ka bar ta a ƙarshe ko ka ratsa da rana. Capo tana farawa daga ƙofar Porta Carini, ba nisa da gidan wasan Teatro Massimo, ga ta ƙarama mai sauƙin zagayawa. Ballarò, a unguwar Albergheria, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa daga babbar tashar jirgin ƙasa, ita ce ta fi girma da hayaniya, kuma ita zan ce ka fara da ita. Ka isa tsakanin 9 da 12. Za ka ji masu kaya suna rera talla da ƙarfi, abin da suke kira abbanniata. Za ka ga kan wani babban kifi mai dogon baki an kafa shi a kan tebur, shi ne pesce spada. A unguwar akwai 'yan Ghana da Nijeriya da Gambiya da Bangladash da Tunisiya, saboda haka akwai mahauta masu naman halal da shagunan da ke sayar da doya da manja.

Zagaya sau ɗaya ba tare da ka sayi komai ba. Duba inda tsofaffin mata masu jakar cefane suke tsayawa, da inda ma'aikata suke layi. Can za ka koma. Ba a taɓa kayan marmari da hannu, nunawa ake yi mai kaya ya ɗauko. Ba a kuma taya kayan abinci, farashin a rubuce yake a kan kilo. In ba a rubuta ba, ka ce "Quanto costa?" kafin a zuba maka, musamman a teburan da ke jera dafaffen abinci a faranti don baƙi. Riƙe 'yan canji, ka kuma juyo da jakarka gaba saboda cunkoso.

Mataki na huɗu: kayan titi, ɗaya bayan ɗaya

Fara da pane e panelle. Garin wani wake ne mai suna ceci, wanda Larabawa ke kira hummus, a dama shi da ruwa da gishiri da ganyen faski a kan wuta har ya yi kauri, a shimfiɗa ya sandare, a yanka fale-fale a soya. Ɗan'uwan ƙosai ne, sai dai shi siriri ne, gefensa yana ƙaras-ƙaras, cikinsa da laushi. Ana cusa shi cikin burodi mai riɗi, a matsa lemun tsami. Ka ce a haɗa maka da crocchè, wanda 'yan gari ke kira cazzilli, dankalin Turawa ne da aka murƙushe da faski ko na'a-na'a aka soya. Yuro biyu zuwa uku ya kamata ya ishe ka. Sharaɗinsa ɗaya ne, a ci da zafi, yana fitowa daga mai. Wanda ya huce a cikin gilashi ba shi ne ake yabo ba. Yawanci da man girki na tsirrai ake soyawa, amma ka leƙa kaskon. Mai suyar da panelle da dankali da yalo kaɗai yake yi ya fi wanda ke jefa komai a mai ɗaya.

Sai arancina, dunƙulen shinkafa mai za'afaran da aka cusa wa wani abu a ciki, aka birgima a garin burodi aka soya. A Palermo arancina ake cewa, a Catania kuma arancino, kuma mutanen biranen biyu ba sa wasa da wannan bambanci. Ranar 13 ga Disamba, ranar Santa Lucia, mutanen Palermo ba sa cin burodi da taliya, garin duka arancina yake ci. A nan akwai tarko. Iri biyu ne na gargajiya: accarne, mai niƙaƙƙen nama da koren wake, da abburro, wadda sunanta ke nufin mai man shanu. Mai jin sunan zai ɗauka ta biyun babu nama, alhali yankakken prosciutto ne a cikinta tare da cuku. Ka bar duka biyun. Nemi ta alayyafo, agli spinaci, ko alla Norma mai baƙin yalo da tumatir, ko ta kifi, ka kuma sake tambaya ko an sa prosciutto.

Sfincione burodi ne mai kauri da laushi, an shafe samansa da miyar tumatir da albasa mai yawa da ɗan kifin gishiri da cukun caciocavallo da garin burodi. Masu motar nan mai ƙafa uku suke yawo da shi, suna ɗumama yanki a kan ƙarfe. Samansa ba matsala, kwaɓin ne abin tambaya, domin wasu da man zaitun suke yi wasu da strutto.

Yanzu ga waɗanda zan ce Musulmi ya kalla ya wuce. Pani ca meusa shi ne abincin titi da birnin ya fi alfahari da shi, saifa da huhun maraƙi a cikin burodi, wani da lemun tsami kawai, wani da cuku. Gidan Antica Focacceria San Francesco, wanda aka buɗe tun 1834, ya shahara da shi. Naman na maraƙi ne, amma a cikin kitsen alade ake soya shi a wani karkataccen kasko, a gaban idonka. Haka frittola, wadda mai sayarwa ke zaro ta da hannu daga kwando lulluɓe da ƙyalle. Mangia e bevi kuwa naman alade ne tsantsa aka naɗe a jikin albasa mai lawashi. Kayan da ke jere a shagunan rosticceria, wato masu sayar da gasassun kayan fulawa da soye-soye, irin su rollò da calzone da ravazzata, kwaɓinsu na gargajiya da strutto ne, cikinsu ma galibi alade. Mai karatu Kirista da ba shi da wannan takura, pani ca meusa ya cancanci gwadawa, ka ce a ba ka schietta, wato ba cuku, don ka ji ainihin ɗanɗanonsa.

Stigghiola ita ce za ta fi jan hankalinka, don hayaƙinta ne zai kira ka tun daga nesa da yamma. Hanjin ɗan rago ne ko na akuya ko maraƙi, a gasa a gawayi, a yayyanka, a barbaɗa gishiri a matsa lemun tsami. Ba alade a jikinta, maganar yanka ce ta rage, da kuma abin da aka gasa a kan wayar kafin ita. Malamai sun yi saɓani kan naman mahautan Turai, kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi. Ni shawarata, in kana da shakka ka bari, domin abin da teku ke bayarwa a garin nan ya wadatar.

Kuma da gaske ya wadatar. Akwai polpo bollito, halittar ruwan nan mai hannaye takwas, a tafasa a yanka maka a faranti da lemun tsami kawai. Akwai ƙananan kifaye da ake soyawa a zuba a takarda mai siffar mazurari. Masu kayan lambu suna sayar da dafaffen dankali da gasasshiyar albasa da tattasai. Da sanyi ka sha ruwan lemu da aka matsa a gabanka, da kaka kuma na rumman.

Mataki na biyar: zama a gidan abinci

Nemi mai suna trattoria ko osteria a lungu, nesa kaɗan da manyan titunan Via Maqueda da Vittorio Emanuele. Takardar abincin ta zama gajera. Kashi-kashi take zuwa: antipasto na buɗe ciki, primo wato taliya ko shinkafa, secondo wato kifi ko nama, contorno kayan lambu na gefe, sai dolce. Ba dole ka ci duka ba, biyu sun isa. Ka sani secondo shi kaɗai yake zuwa, in ka ce kifi, kifi ne kawai a faranti, sai ka ƙara contorno.

Buɗe da caponata: soyayyen baƙin yalo da zaitun da seleri da tumatir, an daidaita shi da khal da sukari, ana ci da sanyi. Daga nan pasta con le sarde, wanda in abu ɗaya tak za ka ci a zaune a Palermo, shi nake so ka ci. Taliya ce mai rami a tsakiya, da ɗanyen kifin sadin da aka dafa tare da wani ganyen daji mai ƙamshi, finocchietto, da zabibi da 'ya'yan pinoli da za'afaran, a barbaɗa soyayyen garin burodi a kai. Lomar farko za ta ba ka mamaki, kifi da zaƙi a haɗe. Ka ba shi loma uku kafin ka yanke hukunci. Ganyen ya fi samuwa daga bazarar Turai zuwa farkon zafi, lokacin ne girkin ya fi ƙamshi. Wanda bai son kifi ya ɗauki pasta alla Norma, asalinta daga Catania, yalo ne da tumatir da cuku mai gishiri. Anelletti al forno yana da ban sha'awa a ido, amma da ragù ake yin sa.

A secondo, sarde a beccafico, sadin da aka naɗe da garin burodi da zabibi aka gasa da ganyen laurel, ko pesce spada gasasshe. Duk girkin kifi mai romo ka faɗi "senza vino" tun wajen oda, domin al'adar masu girki ce su tsiyaya farar giya a kasko. Gasasshe, alla griglia, ya fi kwanciyar hankali, man zaitun ne da lemun tsami.

Wasu abubuwa uku da ke rikita baƙo. Kifi sukutum sau da yawa farashinsa a kan etto ne, wato giram 100, don haka in ka ga an rubuta yuro 6 ba kuɗin kifin ba ne gaba ɗaya, ka sa a auna a faɗa maka jimla. Alamar tauraro kusa da sunan abinci tana nufin kayan daskararre ne daga firiza. Taliya kuma za ta zo da ɗan tauri a tsakiya, ba rashin dahuwa ba ne, haka suke so, kada ka mayar. Girkinsu ba yaji, in harshenka ya nema ka ce peperoncino. Ba sa barbaɗa cuku a taliyar kifi. Ruwa na kwalba ake kawowa, za a tambaye ka naturale ko frizzante, na biyun mai gas ne.

Mataki na shida: zaƙi da kofi

Cannolo shi ne sarkin kayan zaƙin tsibirin, soyayyen ɓawo mai kama da bututu cike da cukun ricotta na madarar tumaki da sukari. Abin takaici, ɓawon na gargajiya da strutto ake kwaɓa shi, da giyar Marsala ko khal, wasu kuma a kitsen suke soyawa. Akwai masu yi da man shanu ko man tsirrai, sai ka tambaya. Cassata wani lokaci ana jiƙa kek ɗinta da barasa, haka tiramisù da babà. A wajen gelato, wato ayis-kirim ɗinsu, ka kauce wa irin da ake kira malaga da zuppa inglese, domin su ma ana sa musu barasa.

Abin da ya rage ba kaɗan ba ne. Granita, ƙanƙara mai laushi ta lemun tsami ko almon ko kofi, ruwa ne da sukari da ɗan itacen. 'Yan gari suna cin gelato a cikin burodin brioche, shi ma ka tambayi kwaɓinsa. Da zafi akwai gelo di mellone, ruwan kankana da aka dafa da sitaci ya daskare, mai ƙamshin furen yasmin. Akwai frutta martorana, niƙaƙƙen almon da sukari da ake sassaƙawa da siffar kayan marmari, sunansa daga gidan matan zuhudu na Martorana da ke tsakiyar birnin.

Inda aka rubuta bar a Italiya, wurin shan kofi ne da karin kumallo, ko da yake suna sayar da giya ma, don haka kada sunan ya kore ka. A wurare da yawa sai ka fara biya wajen mai karɓar kuɗi, ka ɗauki rasit ka miƙa a kanta. Shan kofi a tsaye ya fi araha, bai cika wuce yuro ɗaya da 'yan kai ba, zama a tebur kuwa yana ƙara kuɗi. In ka ce "un caffè" ɗan ƙaramin kofi mai ƙarfi za a ba ka. Cappuccino na safe ne a wajensu. In ka ce latte, madara zalla za a kawo.

Mataki na bakwai: biyan kuɗi da tsaraba

Ba za a kawo maka lissafi ba sai ka nema, don a wurinsu rashin ladabi ne a hanzarta baƙo. Ka ce "Il conto, per favore". Za ka ga wani layi mai suna coperto, yawanci yuro biyu zuwa uku ga kowane mutum, kuɗin zama ne da burodi, ba cuta ba ce in an rubuta shi a takardar abinci. Ihsani ga mai kawo abinci ba dole ba ne, in ka ji daɗi ka bar yuro ɗaya ko biyu. Gidajen abinci suna karɓar kati, kasuwa kuwa ta fi son tsabar kuɗi. Karɓi rasit ɗinka ko da na kofi ɗaya ne.

In kana da sauran kwana, ka tafi Trapani a yammacin tsibirin, inda kuskus da romon kifi abincin gida ne, kuma a watan Satumba ana bikin kuskus a San Vito Lo Capo. Tsaraba kuwa a Capo ko Ballarò za ka haɗa ta: almon, busasshen tumatir, busasshen ganyen origano a dami, da garin ceci in kana son gwada panelle a gida, kashi ɗaya na gari da kashi uku na ruwa, a ma'aunin nauyi. Man zaitun ka sa shi a babbar jaka da za a auna, domin ƙa'idar ruwa a jakar hannu a yawancin filayen jirgi mililita 100 ce.